Ni Ce Na Dafa Irin Dankalin

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ban kai shekara ashirin da biyar ba, ina da 'ya'ya biyu, muna zaune a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya a Gangare, nan Jos. Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni 'yar ƙauye ce daga ƙasar Kazaure, 'yar manomi jikar manomi, kuma ina ji da wannan fiye da kima. Maigidana kuwa haifaffen Jos ne, ɗan tela, bai taɓa riƙe fartanya ba sai shebur ɗin haƙar kuza. Mutum ne mai sanyin hali, magana ba ta dame shi ba, ni kuma bakina ba ya hutawa. Nakan tsokane shi in ce ko gero da maiwa bai iya bambancewa ba, sai ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa ya je har Kazaure ya auro malama.

Sai ga shekarar da kasuwar kuza ta faɗi, kamfanoni suka yi ta sallamar leburori, har ta iso kansa. Ya nemi dako, ya nemi gadi, ko'ina ya je sai ya tarar da irinsa sun cika wurin. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga nan ya koma kunu. Abin da ya riƙe mu shi ne rabon dawa da hukuma ta fara yi wa gidajen waɗanda aka sallama, da garin madara don yara. Dawar ba ta kai mu ƙarshen wata sai da dabara, amma Allah ya saka wa wanda ya kawo shawarar, don ba domin ita ba ban san yadda za mu yi ba. Ana nan sai malamin gona ya yi shela cewa duk wanda ya sami fili za a ba shi irin dankalin Turawa da takin zamani. Sharaɗi ɗaya ne: iri na shuka ne, wanda ya ci ko ya sayar za a cire sunansa daga rabon dawa.

Maigidana ya sami aron fili wajen wani dattijo ɗan Birom, can gaba da Tudun Wada, kusa da wani tsohon ramin kuza da ya zama tafki. Ranar da ya shigo da kwando biyu na dankali, na ga fara'ar da na yi watanni ban gani ba. Ya shimfiɗa tabarma a gindin taga, ya baje su ɗaya bayan ɗaya, ya ce kada a taɓa sai ruwa ya sauka. Kullum da safe sai ya tsuguna ya jujjuya su yana lallaɓawa kamar ƙwai. Ni kuwa ina gefe ina dariya, ina ce masa a garinmu iri a rumbu ake ɓoye shi, ba a shanya shi a taga yana kallon masu wucewa. Ya ce haka malamin gona ya ce a yi. Bai ƙara ba, ni ma ban tambayi dalili ba, don a ganina babu abin da mai gajeren wando da littafi zai koya mini a kan noma.

Da hadari ya fara haɗuwa, sai ya tafi gona ya kwana uku can don ya ƙarasa huɗa. A daidai wannan lokacin dawarmu ta ƙare, rabo kuma sai wani mako. Na tsuguna ina shara sai na lura dankalin duk ya yamutse, ya yi laushi, ga tsiro ya fito a jikin kowane ɗaya, gajere mai kauri. A wurinmu, gero ko dawa in ya tsiro kafin ya shiga ƙasa, shi ke nan ya tashi daga aiki. Na ce wayyo bawan Allah, ya kashe irinsa da hannunsa bai sani ba. Ƙaramar 'yata tana bayana tana kukan yunwa. Nan take na yanke shawara ni kaɗai: tunda iri ya lalace, gara ciki ya amfana kafin ya ruɓe gaba ɗaya.

Na ɗauki wuƙa na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina yanke wurin tsiron da kauri, don a zatona nan ne cutar take, ina watsawa kan tulin toka a bayan madafa. Sauran na dafa da manja da albasa da ɗan yaji. Kwando biyu ya fi ƙarfinmu, kuma ba a cin abu a gidan haya a hana maƙwabta, saboda haka kowane ɗaki sai da na aika da kwano. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da ke ɗakin kusa da mu ta karɓa, ta dube ni ta ce, maigida ya sani kuwa? Na ce mata ta ci abinta, ni 'yar manomi ce. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan ina murguɗa baki, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Rana ta uku da la'asar aka yi ruwan farko, ya dawo jiƙe sharkaf, da kwandunan da zai kwashi iri a hannu. Ya dubi gindin taga, ya ga tabarma a naɗe. Kafin ya buɗe baki na ajiye masa kwano a gaba, ina ta zuba, ina ba shi labarin yadda na ceto abin da ya kusa zama asara, har da yi masa gori. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya dubi yaran, suna ta tsalle a tsakar gida da cikinsu fal. Sai ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya cinye tas, ya ce Allah ya yi mini albarka, girki ya yi daɗi. Da gari ya waye ya saɓa fartanyarsa ya fita kamar kullum.

Da hantsi wata mata 'yar Birom da ke kawo mana itace ta zo. Mun saba sosai, ƙawa take ce mini, kuma Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta zagaya bayan madafa za ta sauke kaya, sai na ji ta yi salati irin namu, ita da ba Musulma ba. Ta fito da guntun dankali a tafin hannu tana cewa, "Ƙawa, wa ya yi wannan? Kai ne?" Na ce ni ce, ai ya lalace ne. Ta riƙe baki. Ta ce wannan tsiron shi ake jira, don shi ake baje iri a haske makonni, dankalin da bai fito da ido ba ba a kai shi gona. Na zauna a kan turmi. Abincin shekara na dafa, na kuma raba wa maƙwabta, ga rabon dawa da za a yanke mana. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ya sani tun jiya, ya zauna ya ci, har ya sa mini albarka.

Ita ba ta tsaya kallon kukana ba. Ta tsuguna ta shiga tonon toka da hannu, ta ce in taso, kuka ba ya shuka. Ashe yankan da na yi da kauri, da tokar da ta busar da bakin yankan, su suka hana guntayen ruɓewa. Awaki sun ci wasu, wasu sun baƙanta, amma muka tsince abin da ya cika ƙwarya babba. Da maigidana ya dawo na durƙusa a gabansa da ƙwaryar. Da ƙyar na tambaye shi me ya je yi gona tunda babu iri. Ya ce zama ya yi a bakin tafki har rana ta yi sanyi, don kada in gane. Na ce me ya hana shi faɗa mini, ko ya zage ni in ji sanyi. Ya ce ya yi wata uku bai ga 'ya'yansa sun ƙoshi ba, bai kuma ga ina dariya da gaske ba sai jiya, ba zai iya ɓata wannan da bakinsa ba.

Guntayen nan aka shuka, ba su rufe ko rabin gonar ba. Da malamin gona ya zo duba gonaki, a gaban sauran waɗanda aka ba iri ya tambayi inda sauran ya tafi. Ni ba na wurin, matar nan mai itace ce ta kawo mini labari. Maigidana ya ce shi ne, yunwa ta kama shi, kuma shi ɗan birni ne bai san darajar iri ba, ya dafa ya ci. Aka kwashe da dariya. Malamin ya yi masa faɗa sosai, amma da ya ga yadda ɗan abin da aka shuka ya yi kyau, ya ga huɗar da aka yi da gumi, sai ya bar sunanmu a rabo. Da kaka muka haƙi abin da ya ciyar da mu, muka ware iri, kuma ni da hannuna na baje shi a gindin taga. Daga wannan gonar muka tashi, da dankali muka aurar da 'ya'yanmu. Sai dai tun daga ranar abokan nomansa suka laƙaba masa Ci-iri, sunan ya bi shi kasuwa, ya bi shi masallaci. Sau da yawa na ce zan fito in faɗi gaskiya, sai ya ce in bar masa kayansa, sunan ya karɓe shi.

Abin da na koya, ilimin garinku ba lallai ya yi aiki a garin wasu ba, kuma da a ce na yi wa maƙwabciya tambaya ɗaya, da ta raba ni da wannan nadama. 'Yan'uwana mata, in an kawo abin taimako gida, ku tambayi yadda ake yi da shi, kada girman kai ya hana ku. Ku kuma masu rabon iri, ku riƙa yi wa matan gida bayani, don a ɗakinmu iri yake kwana, mu ne kuma yaro ke yi wa kukan yunwa. Ku haɗa iri da abin da za a ci kafin ya nuna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Ranar zaman makoki ina daga ciki ina jin tsofaffin abokansa a waje suna cewa Allah ya jiƙan Ci-iri, har jikokinmu suna dariya cikin hawaye, don su ma abin da suka sani ke nan. Ya hana ni magana yana raye, na yi masa biyayya. Yanzu ba ya nan da zai hana ni. Jama'ar Gangare da kuka san shi, maigidana bai taɓa cin irinsa ba sai kwano ɗaya da na ajiye masa a gaba, ya haɗiye don kada in ji kunya. Ni ce na dafa. Ku mayar mini da sunana Ci-iri, shi kuma ku yi masa addu'a da nasa.