Falle Ɗaya, Gaba da Baya: Jinjina ga Baba Hamidu Tela

Idan ka biyo ta bakin layin dogo a Agege da sanyin safiya, kafin yaran danfo, motocin hayar Legas, su fara ɓare baki suna kiran masu zuwa Iyana Ipaja, za ka tarar da wani siririn dattijo yana kokawa da kwaɗon wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa. Baba Hamidu Tela ke nan. Kwaɗon nan ya fi shekara goma yana yi masa gardama, an ce ya sauya ya ƙi, wai sun saba. In ya buɗe, sai ya share ƙofar shagonsa har da ta maƙwabciyarsa, wata Bayarabiya mai sayar da burodi, su gaisa, ita da karkatacciyar Hausarta, shi da Yarabancinsa da ya fi nata karkacewa. Daga nan ya ɗiga wa keken ɗinki mai, ya rataya tef a wuya, ya sha kokonsa a tsaye. Sannan ya jawo wani babban littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin tebur, ya goge shi da hannun riga, ya ajiye a damansa. Shekara arba'in da ɗaya yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon ya koma Ringim, don yanar ido ta fara rufe masa gani, zare ba ya shiga allura sai ya yi ta lalube.

Kada wani ya ɗauka zan ce ya fi kowa iya ɗinki. Ina! Akwai matasa a Agege yanzu da za su fitar maka da kaftani uku kafin Baba ya gama wuyan ɗaya. A wajen cika alkawari kuwa, to, shi ma tela ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Littafin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Littafin awo ne, irin na kowane tela. Kowane mai kawo ɗinki yana da fallensa shi kaɗai, kowace shekara layi ɗaya: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu. Baba ba ya yarda da tsohon awo. Ko jiya ka kawo gyara, in watan Sha'aban ya kama ka zo da yadin Sallah, sai ka miƙe tsaye ya sake gwada ka. To a nan ne, kana tsaye hannuwa a ware, ba halin gudu, yake jefo tambayarsa: "Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, me kake so a ce ka yi?" Abin da ka faɗa shi zai rubuta a ƙarshen layin, bai ƙara ba, bai rage ba. Shekara na zagayowa, kafin tef ya taɓa jikinka, sai ya karanta maka abin da ka ce bara, ya ɗago kai ya tambaye ka ya ake ciki. Ba wa'azi, ba faɗa. Wallahi da ma faɗan yake yi, da ya fi sauƙi.

Na taɓa tambayarsa inda ya samo wannan ɗabi'a. Ya ce a farkon zuwansa Legas akwai wani ɗan dako da ya shekara bakwai yana kawo masa ɗinki. Mutumin ya rasu, ƙaninsa ya zo daga Arewa yana bin waɗanda suka san shi, ko akwai mai wata magana tasa da zai kai wa mahaifiyarsu. Baba ya buɗe littafi ya ga faɗin kafaɗa da tsawon wando, shi ke nan. Ya ce kunyar da ya ji ran nan har yanzu ba ta sake shi ba. Tun daga Sallar shekarar ya fara tambaya.

Ku tambayi Gambo, mai gadi a Obalende. Wata shekara ya zo awo, Baba ya zagaya masa tef a ƙugu, ya duba littafi, ya sake zagayawa. Inci huɗu sun tafi, wuya ma ya ragu. Gambo ya ce zirga-zirgar Legas ce kawai. Baba ya naɗe shaddar ya miƙa masa, ya ce ba zai sa mata almakashi ba sai ya ga takardar asibiti. Gambo ya fita yana ƙunƙuni, wai tela ya koma likita. Ciwon suga aka samu, ya yi nisa. Yau shekara tara ke nan, Gambo na nan da ransa, yana shan shayi ba sukari yana ɓata fuska.

Ko Saminu ɗan okada, wato ɗan acaɓa, wanda ya yi shekara huɗu yana cewa zai koyi karatun boko, Baba yana karanta masa maganar duk Sha'aban cikin murya ɗaya. A ta biyar Saminu ya ƙwace biron daga hannunsa ya rubuta layinsa da kansa. Harufan sun yi ta hawa da gangara, amma nasa ne.

Baba, kai ne ka gane cewa a garin nan kowa gudu yake yi, ba mai tsayawa ya dubi kansa. Wanda ya zo cin rani na wata huɗu sai ya farka ya ga furfura. Kai ne ka tsayar da mu sau ɗaya a shekara, ka maido mana da maganarmu mu ji ta da kunnenmu. Kuma kai ne ba ka taɓa karanta wa wani shafin wani ba, ko da wasa. Na san nauyin wannan amana, don a kaina ka ɗauke ta.

Mu biyu mahaifinmu, Alhaji Abdulganiyu mai goro, ya haifa: Yaya Yusha'u, sai ni Isma'ila. Tun muna ƙanana yake jan mu zuwa shagon nan, kuma tun ranar farko Baba Hamidu ya sa mu a falle ɗaya, Yaya a gaba, ni a baya. Littafi ya cika an buɗe wani, haka ya ci gaba da jera mu. Innarmu ta riga rasuwa. Yaya ya zauna a rumfar goro tare da Alhaji, ni kuma na samu koyarwa a Ikorodu na koma can.

Shekara shida da suka wuce, wata Talata da hantsi, Yaya ya kira ni ya ce Alhaji ya cika. Na ce ga ni nan, don Allah a jira ni. Ruwa aka wuni ana yi ran nan. Danfon da na shiga ya maƙale a cunkoso, na sauka na hau okada, ruwa ya tare hanya, na tuɓe takalmi na taka da ƙafa. Sa'a biyar. Da na iso, bayan la'asar, sai na ci karo da mutane suna dawowa da makara ba kowa a ciki. An yi mini bayani: sun jira har bayan azahar, kabari ya fara tara ruwa, liman da dattawa suka ce a yi abin da ya kamata. Ban ji ko ɗaya ba. A gaban jama'a na dubi Yaya na ce masa daga yau ba ni da wa. Ya sunkuyar da kai.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Baba Hamidu shi ne ban san kabarin mahaifina ba. Alhaji ya bar wasiyya kada a gina masa komai, kada a kafa suna. Mutanen da suka raka shi sun fi ɗari, amma wa ke riƙe kabarin uban wani? Sau biyu ina shiga maƙabartar ni kaɗai, in yi ta bi tsakanin tuddan ƙasa ina sallama ga kowa, in fito. Mutum ɗaya ne ya san wurin, shi ne kuma na rantse ba zan yi wa magana ba. Ina kewar Alhaji, ina kewar warin goro da ganye a rigarsa. Yaya ma ina kewarsa, sai dai girman kai bai bar ni na faɗa ba ko a zuci.

Duk da haka ban fasa kawo ɗinkin Sallah Agege ba. Shekarar farko da Baba ya yi tambayarsa na yi shiru, shi kuma ya rubuta cewa ban ce komai ba. Ta biyu na ce ina so in tsaya a kan kabarin Alhaji. Ta uku haka. Ta huɗu, da ya karanta mini, na hasala na ce ya daina tambayata abin da ya san amsarsa. Ya ce to, in ɗaga hannu. Ya gwada, ya ce wuyana ya ragu da rabin inci, sannan ya sake tambayar kamar bai ji ni ba. Ina kallon hannunsa a kan fallen nan. Na san Yaya na ɗaya gefen, kuma ko kusurwa Baba bai taɓa ɗagawa ba.

Dabara ɗaya ya yi, ita ma sai daga baya na sani. Duk shekara yakan ce in zo karɓar kaya ranar kaza bayan la'asar, har ya nanata. Ashe rana da lokacin da yake ba Yaya ke nan. To amma jama'a, wa ke zuwa wa tela a ranar da ya faɗa? Ni nakan ƙara kwana uku, Yaya yakan ƙara biyar. Shekara shida bawan Allah yana gama ɗinkinmu a kan lokaci, mu kaɗai a duk Agege, yana goge kaftani biyu ya jera, yana zaune yana duban hanya.

Bayan ƙaramar Sallar nan ya fara sallamar mutane. Duk wanda ya zo, sai ya sa almakashi ya yanke masa shafukansa ya ba shi, ya ce kayansa ne, ya ci gaba da kansa. Ni ya aiko mini cewa in zo Alhamis bayan la'asar, kuma wannan karon ba maganar tela ba ce, in na saɓa ba zan same shi ba. Na zo. Ina shiga na ga Yaya zaune a kan benci. Ya yi furfura a gemu. Ban san ya yi furfura ba.

Na juya zan fita, Baba ya ce, "Isma'ila, dawo. Ban yi maka tsufan da za ka ba ni baya ba." Na dawo na tsaya. Ya yanko fallen, ya riƙe shi a tsakaninmu.

"Kowa na ba shi nasa," in ji shi. "Naku ya gagare ni. Almakashina ba ya raba gaba da baya, idona kuma ba zai iya kwafewa ba. Ga shi nan, ku san yadda za ku yi."

Ya sa mu kowa ya kama gefe ɗaya, ya ɗauki butarsa ya fita, wai zai yi alwala, alhali ko minti ashirin ba a yi da idar da salla ba. Da na duba fuskar da ke kallona, ba rubutun shafina ba ne, na Yaya ne. Daga baya Baba ya ce shi bai gani ba, ido ne. Har gobe ban yarda ba.

Layi shida na ƙarshe na karanta. Awon yana ta sauka, maganar ba ta sauya ba: "In kai Isma'ila wajen Alhaji." Sau shida. A ɗaya gefen Yaya yana karanta nawa. Shi ya fara magana. Ya ce ya ajiye wani jan dutse a wajen kai, duk Juma'a yana zuwa ya gyara shi don kada ruwa ya tafi da shi kafin in zo. Na buɗe baki in ce ya yafe mini, abin da ya fito kawai shi ne, "Yaya." Washegari ya kai ni.

Da na je yi wa Baba godiya, sai da na yi masa ƙorafi: shekara shida yana riƙe da maganar nan, me ya hana shi ko ɗan tsegunta mini? Ya ce da ya faɗa mini ta Yaya, da ba wanda zai ƙara gaya masa gaskiya a shagon nan, ni ma a ciki. Sai ni ma na juya masa tambayarsa, na ce shi fa, baɗi war haka? Ya yi dariya ya ce shi ma yana da shafi, a can ƙarshen littafi, kuma ya daɗe yana rubuta abu ɗaya: ya ga Ringim da idonsa kafin idon ya rufe. Ɗinkin Sallarmu ne ya yi ta riƙe shi.

Baba Hamidu, tela mai awon mutum ciki da waje, mun gode. Mun cinye maka shekaru kana jiran mu yi hankali. Allah ya kai ka gida lafiya, ya bar maka hasken da za ka ga garinku da danginka, ya saka maka da abin da ba mu iya ba. Za mu riƙa wucewa ta gaban shuɗiyar ƙofar nan muna waiwaye.

Ku kuma masu karatu, abin nan bai buƙaci keken ɗinki ba. Littafi ne da biro, da rana ɗaya a shekara da mutum zai zauna ya rubuta abin da yake so da gaske, ya kuma daure ya karanta na bara. In da hali, a samu wani mai riƙon amana da zai tambaye ka ya ake ciki. Kada ku yi irin tawa, ku maimaita layi ɗaya shekara da shekaru alhali amsar na bayan takardar.

Fallenmu yana wajen Yaya, ni na ce ya riƙe. Gobe Juma'a, da sassafe zan baro Ikorodu saboda cunkoso. Yanzu na san wurin, ko ido rufe zan kai kaina gaban jan dutsen nan. Amma in na riga shi isowa ba na shiga. A bakin ƙofar maƙabarta nake tsayawa in jira shi.