Lissafin da Ya Hana Baba Kujerar Shugaban Direbobi

Ranar wata Juma'a ce, a daminar da na shiga aji biyu na sakandare. An ɗauke ruwa ke nan bayan la'asar, tsakar gidanmu da ke kwatas ɗin ma'aikata a Kaduna ta cika da bokitai da robobin da Inna ta jera a ƙarƙashin indararo. Ina tsugune a bakin madafa ina gasa masarar da na karyo a 'yar gonarmu ta bayan kwatas, sai ga Baba ya shigo, kakinsa a jiƙe, da wata takarda da ya naɗe cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta. Ko takalmi bai cire ba ya ce, "Nasiru, ɗauko min injin nan naka."

Injin da yake nufi wata 'yar kalkuleta ce mai aiki da hasken rana, tsarabar Makka da Kawu Isa ya kawo min. A duk layinmu babu yaron da ke da irinta, kuma ta lalata ni, ba zan ɓoye ba. Kafin zuwanta ni ma kamar kowa nake: in yi sammakon layin famfo, in yanko wa akuyar Inna ciyawa a bakin layin dogo, in wanke motar ofis idan Baba ya kwana da ita, da yamma mu yi langa da ƙwallon tsumma har a kira magariba. Da ta zo sai na soma ɗaga hanci. Matan kwatas na aiko a kira ni in raba musu kuɗin adashi, su ba ni ƙosai ko gyaɗa. Yara na bi na a filin makaranta su roƙi in bari su danna sau ɗaya. Alhali a aji ba na cikin masu ƙoƙari. Malamin lissafinmu yakan ce min, "Kai dai yatsanka ya fi kanka sauri." Na ɗauka yabo ne.

Baba direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, kullum yana kan hanya. A makon nan aka yi masa tayin zama shugaban direbobi: ya bar tuƙi, ya zauna a ofis yana raba motoci, a ƙara masa albashi. Amma zai rasa alawus ɗin kwana a hanya, kuma akwai maganar da mazan kwatas suka daɗe suna yi a kan bencin mai shayi, wai "kowa ya hau sama, wuƙar haraji ta fi samun wuyansa". Zuwa ranar Litinin ake jiran amsarsa. Bai yarda ya tambayi akantocin ofis ba, kada a ce yana kwaɗayin kujera, ko a gane bai iya ba. Sai ya samo takardar da ke nuna yadda ake yankar haraji, ya kawo wa ɗansa ɗan boko.

Layi-layi ne a takardar: daga kuɗi kaza zuwa kaza, kashi kaza cikin ɗari, na gaba ya fi na baya. Na duba inda sabon albashin ya faɗa, na ɗauki kason wannan layin, na buga shi a kan albashin gaba ɗaya. Ban karanta sauran ba, ban ma juya bayan takardar ba. Abin da ya rage bai kai wanda Baba ke kawowa gida ba. Na sake bugawa, amsa ɗaya. Inna tana tankaɗe ta ce, "Ni dai ban taɓa jin an ƙara wa mutum tuwo ya tashi da yunwar da ta fi ta da ba." Na juyo na ce mata, gaban Baba, "Inna, inji ba ya ƙarya." Wannan kalma har yau tana ci na.

Ranar Litinin Baba ya je ya yi godiya ya ce a ba wani. Aka ba maƙwabcinmu Malam Tanimu. Baba ya ci gaba da tuƙi har ya yi ritaya, da ciwon bayan da bai rabu da shi ba, da fansho a kan ƙaramin mataki. Mun ga gidan Malam Tanimu yana canzawa, amma a kwatas ba a faɗin albashi, sai aka ce ai mutum in yana raba motoci ba ya rasa na goro. Ni ma na taya faɗa.

Yanzu gadi nake yi a wani dogon bene a unguwar West Bay da ke birnin Doha, ina kwana a unguwar Al Asmakh, mu shida a ɗaki. A nan Doha ba a yankar haraji a albashi, don haka ban sake tuna zancen ba sai da ƙanwata Rakiya, wadda take aikin jinya can gida Najeriya, ta sami ƙarin girma. Ta turo min hoton harajin da wata manhajar waya ta lissafa mata, ta ce hankalinta ya tashi. Na kai wa Alhaji Bashir, wani akanta ɗan Gusau da ke aiki a benen da nake gadi, muna haɗuwa a masallaci da azahar. A bayan takardar da aka naɗo masa shawarma ya zana min matakala. Ya ce kafin komai sai an cire abin da doka ta yafe, kamar kuɗin fansho da sauran rangwame. Abin da ya rage shi ake hawa da shi mataki-mataki: kuɗin da ke matakin ƙasa ana yankarsa da ƙaramin kaso, kuma a haka zai tsaya ko da albashi ya ninka. Babban kaso ba ya taɓa komai sai ɗan abin da ya haura zuwa matakin sama. Da muka bi na Rakiya da biro, muka ga ta bar gurbin fansho babu komai, manhajar kuwa ta bi abin da aka ba ta.

Ina tsaye da kakin gadi sai na gane kuskuren da na tafka a lissafin Baba. Da na ba abokan ɗakina labari, suka ce in bar shi a cikina. Sani Direba ya ce, "Khalas, shi ke nan, mutumina, ƙaddara ce, kada ka ta da wa tsoho hawan jini." Na yarda da ƙaddara, amma ba zan lulluɓe gangancina da ita ba. Ba kuma zan ɗora wa inji laifi ba, abin da na danna shi ya ba ni. Tun daga ranar duk adadin da waya ko kwamfuta ta nuna min, har na kuɗin ƙarin awanni da kamfani ke turowa, sai na zauna da biro na bi hanyar da aka bi aka iso gare shi. Suna kira na Farfesa. Su yi ta kira. Takardar sakandare kawai gare ni, ita ma da ƙyar, amma ba wanda zai sake rufe min baki da cewa haka ya fito a allo, ni ma ba zan sake rufe wa wani ba.

Ranar hutuna na kira Baba. Na faɗa masa komai, ban rage ba, na roƙi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ce min ya yi, "Maimaita min yadda ake yi, a hankali." Na maimaita, ya tsayar da ni, ya yi tambaya, na koma baya. Mutum ya haura saba'in, babu sauran albashin da za a yanka masa, amma bai bar ni ba sai da ya iya faɗa min da bakinsa daga matakin farko zuwa na ƙarshe. Sannan ya ce, "Ashe abin bai da wuya. Ni ma da na tambaya." Daga nan ya shiga tambayata ko zafin garin ya sauka.

A wancan lokacin masu sani suna nan a ofishin da Baba ke shiga kullum, kunya ta hana shi ƙwanƙwasa ƙofarsu, girman kai ya hana ni cewa ban gane ba. Yau amsa tana aljihun kowa, kuma har yanzu tambayar ce take mana nauyi. Idan na ga shugaban direbobin benenmu zaune a sanyi yana raba makullai, nakan hango Baba a irin wannan kujera, bayansa lafiya lau, yana dawowa gida kafin magariba. Ya iya lissafin yanzu, kujerar ce dai ba ta jira ba.