Juma'ar da Kwamfuta Ta Ƙi Tsayawa

Shagonmu yana Sabon Garin Maraɗi, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mata mai tuyar ƙosai. Mu biyu ne a ciki, ni da wani dattijo mutumin Tibiri, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda kowa ke ce wa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Shi Kirista ne, ni Musulmi, kuma hakan ya yi mana rana a wajen aiki: ran Juma'a shi ke tsaron shago in tafi masallaci, ran Lahadi ni ke tsaro ya hau babur ya tafi majami'arsu. Aikinmu buga takardu da kwamfuta, da katin biki, da katin shaida na ƙungiyoyi. Shi ya koya mini komai, har yadda ake zama a kujera. Ga faɗan tsiya. In ka ajiye kofin shayi kusa da na'ura, sai ka yi da-na-sanin zuwa duniya. Duk da haka ina son tsohon nan fiye da wasu 'yan uwana na jini, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Akwai wata 'yar manhaja da ya sa a kwamfutarmu, yana ji da ita kamar shi ya haife ta. Za ka yi aiki sau ɗaya tana lura: ka buɗe hoto, ka rage shi, ka ɗora a kan kati, ka kwafo suna, ka tura wa injin bugu. Shi ke nan ta haddace. Sai ka danna maɓalli ka koma gefe, ka ga 'yar kibiyar nan tana yawo a fuskar kwamfuta ita kaɗai, tana maimaita aikin har ta gama. Mushe yana da dokokinsa a kanta. Kada ka matsar da komai daga inda yake, don ita makauniya ce, wuri ta sani ba abu ba. Ka sa mata ɗan jira tsakanin wannan aiki da wancan, tunda injinmu ya kwana biyu. Kuma ka gwada ta da kati guda kafin ka sakar mata tuli.

Aibinta ɗaya ne. Da an taɓa linzami, ɗan abin nan da ake tura kibiya da shi, sai ta tsaya, aiki ya watse. Mu kuwa mutanen Maraɗi ba mu iya ganin abu yana motsi mu bar hannu a aljihu ba. Kowane mai shigowa sai ya ɗan tura linzamin da yatsa ya ga mene ne. Saboda haka ranar da wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa sabon zubin manhajar a faifai, ya ce wannan in ta fara aiki tana kulle linzami da maɓallai duka har sai ta gama, Mushe har rawa ya taka a tsakar shago. Na tambaye shi, to in mu muke so ta tsaya fa? Ya ce akwai wasu maɓallai da ake haɗawa, amma bayanin da Ingilishi yake, shi kuma Faransanci ya karanta. Ya ce in ɗalibin ya sake biyowa zai tambaye shi.

Lokacin gari ba lafiya. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, jibi a ƙona taya a bakin kasuwa. Tun da aka buɗe ƙofar jam'iyyu muke ganin rigima, amma ta wannan karon ta fi muni, don babu wanda ya yarda da wani. Kowa ya tabbata ana shirya maguɗin zaɓe, wurin da ake yi ne kawai ba a sani ba. A cikin wannan hali ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa ta kawo mana aikin katin shaida na mutanenta, kowa da hotonsa.

Ran Juma'ar nan na bar Mushe ya kunna mata aiki ya fito bakin ƙofa yana shan iska, ni na tafi masallaci. Da aka sallame na biyo hanya, tun daga nesa na hangi taro a gaban shagonmu. Samarin wata jam'iyya ne, sun fito za su wajen gangami, wasu da sanduna. Ɗaya ya leƙa ya ga kujera babu kowa, kibiya tana yawo, kati yana faɗowa da hoton mutum. Na kutsa da ƙyar na isa ƙofa.

Wani dogo mai jan ƙyalle a ka ya riƙe wuyan rigar Mushe yana cewa, "Kai tsoho, wa ka aiki da ita? Hwaɗa muna! Daga Yamai aka tuƙa ta ko?"

Mushe ya ce, "Ɗana, sake mini riga in gwada maka. Ba kowa. Aiki ne na koya mata. Katin manoma ne, duba ka gani."

"In kai ka da ita, tsaida ta!"

Ya sake shi. Mushe ya isa tebur ya tura linzami. Kibiya ba ta ko kula shi ba. Ya danna wannan maɓalli, ya danna wancan, ya haɗa biyu, ya haɗa uku. Wani kati ya faɗo. Na ga gumi yana bin bayan kunnensa. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a ku yi haƙuri, sabuwa ce, kulle kanta take!" Ban rufe baki ba wani ya sakar mini mari, na ga wuta.

Sai dogon ya sunkuya ya fizge waya daga bango. Nan ne Allah ya ƙaddara abin da ya ƙaddara. Muna da akwatin batir a ƙarƙashin tebur mai riƙe wuta in an ɗauke kuran, wato lantarki. Akwatin ya fara ƙara, kwamfuta kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba, ta ci gaba da aikinta. Wani daga baya ya ɗauki kati a ƙasa ya ƙwala ihu: "Wanga ƙanen babana ne! Tun kaka munka rufe shi! Ku gani, matattu suka yi ma kart ɗin zaɓe!" Gaskiya ne mutumin ya rasu, hotonsa ne ƙungiya ba ta cire ba. Amma wa zai tsaya jin wannan?

Sandan farko a kafaɗa ya sami Mushe. Na biyu a baki. Ya faɗi a kan tebur, suka jawo shi ta ƙafa zuwa waje, kansa yana bugun dokin ƙofa. Na faɗa kansa in tare, wani ya tokare ni da gwiwa a ciki, wani ya taka mini hannu, na ji yatsuna biyu sun karye kamar kara. Ina ƙasa ina ganin ƙafafu. Ina jin Mushe yana cewa "ku tsaya in gwada muku", har lokacin bayani yake so ya yi, malamin banza, malamin kirki. Sai wani ya ɓalle ƙafar bencinmu ya ɗaga da hannu biyu ya sauke masa a gefen kai. Ƙarar ba ta da yawa. Daga nan bai sake magana ba.

Sun fito da kwamfutar sun maka ta da ƙasa, sun farfasa injin bugu, sun tara katunan manoma sun zuba fetur. Wani yana cewa a jefa tsohon a ciki. Mai ƙosai ce ta hana. Ta sauke kaskonta daga wuta da mai yana tafasa, ta zo ta tsaya a kan Mushe ta ce, "Wallahi wanda duk ya matso, shi da huskar ga tashi sun rabu. Ku zo, 'yan banza, ku zo in kun haihu!" Maza cike da layi, waɗanda muka fito sahu ɗaya da su, kowa ya harɗe hannu yana kallo. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Samarin suka ja da baya, sai wani ya ce ga jandarma nan, suka watse.

Wani ɗan kabu-kabu ya yarda ya ɗauke mu a babur ɗinsa. Na sa Mushe a tsakiya na rungume shi da hannuna mai lafiya. Babban titi an tare shi da tayoyi, dole muka bi ta lungunan unguwar Zariya, babur yana tsalle a cikin yashi, kansa yana lilo a kafaɗata. Jini ya jiƙa mini rigar Juma'a har ciki. Ina ta yi masa magana a kunne, ina ce masa mun kusa, ina zaginsa, ina roƙon Allah kada ya mutu a hannuna. A gidan likita aka ɗinke kan, aka ce sai dai addu'a. Danginsa suka zo daga Tibiri suna tasu a gefe guda, ni ina tawa a ɗaya gefen.

Bai mutu ba. Ya daɗe a kwance, sannan ya buɗe ido, daga baya ya fara cin abinci, har ya taka da sanda. Aka mai da shi gida. Ranar da na ji ya fara hira, na yi wanka na sayi lemo na hau mota zuwa Tibiri, ina ta shirya tsiyar da zan yi masa a hanya.

Na same shi a zaune a tabarma ƙarƙashin itacen bedi, an yi masa aski, tabon yana nan kamar ɗinkin buhu. Na yi sallama da ƙarfi na ce, "Mushe, ashe kai ma kana jin sanda!"

Ya ɗago ya dube ni da fara'a. Ya gyara zama, ya matsa mini gefen tabarma, ya sa matarsa ta kawo ruwa. Ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni iyali, da ladabin da bai taɓa yi mini ba. Sannan ya juya wajen matar ya rage murya don kada in ji, amma na ji.

"Baƙon ga, ɗan gidan wane ne?"

Matar ta dube ni, na girgiza mata kai. Na sha ruwan, na ce masa hanya ce ta biyo da ni. Ya ce na kyauta ƙwarai, in na sake biyowa in riƙa tsayawa.