Ranar da Aka Ce Mu Zo da Shigar Medieval

Wata Laraba ce a watan Nuwamba, ina shekara takwas, watanmu biyar kacal da zuwa unguwar Gorton, can ƙasar Turawa, daga Kafanchan, na dawo gida da wata takarda da ruwan sama ya jiƙa a jakata. Malamarmu ce ta rubuto cewa ranar Juma'a kowa ya zo da shigar medieval. Mama ta shanya takardar a kan hita mai ɗumama ɗaki, ta karanta sau biyu tana motsa baki, sannan ta ajiye ta har Baba ya dawo daga gidan kula da tsofaffi inda yake aiki. Shi ma ya karanta, ya ce, "Kayan zamanin da can suke nufi, na kaka da kakanni." Mama ta ce in dai wannan ne, ai muna da shi. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta ciro baƙin zanen saƙi da kakata ta ba ta, da tsakiya ja, da wata 'yar ƙwarya da ta tsallako jirgi a naɗe cikin tawul.

Ranar Juma'a na ɗaura zanen a kan suwaita saboda sanyi, na tafi ina taƙama. Ina shiga aji na tsaya cak. Maza duk sun rataya takubban roba da hulunan kwali masu ƙyalli, mata kuma dogayen riguna da kambi. An gina gidan sarki da kwalaye a bayan aji, har da gadar da ake ɗagawa da zare. Malamar ta shafa zanena ta ce ya yi kyau sosai, amma ba shi ake nufi ba, ta ɗora mini kambin takarda a kan ɗankwali. Na wuni ina tunani. Zanena ya girmi Mama, rigar ƙawata Chloe kuwa a makon aka sayo ta, ko takardar kanti ba a cire daga wuya ba. To, wanne ne na zamanin da?

Ban gama da wannan ba hitar gidanmu ta mutu. Kwana huɗu muna dafa ruwan wanka a tukunya, ni ce mai hawa da shi bene a bokiti. Sai na ji Baba a waya da mai gidan da muke haya yana ɗaga murya: "This is medieval!" Na ce ashe sanyi kalmar take nufi, tunda an ce gidajen sarakunan nan na dutse ne. Ana haka Chloe ta biyo ni gida wata rana bayan makaranta, ta tarar da Mama tana cin tuwon semo da miyar kuka da hannu. Ta yi dariya, ba da mugunta ba, ta ce, "That's well medieval." Zanen kakata bai kai ba, amma hannun uwata ya kai.

Daga ranar na ɗauki cokali. Bayan mako guda na ce wa Mama ta daina zuwa ƙofar makaranta da atamfa. Tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "To, Rahila." Washegari na hango ta can kwanar layi, kusa da jan akwatin wasiƙu, cikin doguwar kwat ɗin Baba. A nan ta ci gaba da jirana har na gama firamare.

Da Kirsimeti muka je Birmingham wurin Kawu Bitrus, ƙanen Mama, direban bas mai son karatu. Na raɓe kusa da shi na tambaye shi. Ya ce wani zamani ne a tarihin Turawa, tsakanin tsohon zamani da sabo. Na ce mu ma mun yi shi? Ya ce a lokacin ne ma aka fara gina ganuwar Kano, sai dai mu ba mu kiransa haka. "Amma yanzu," in ji shi, "duk abin da mutum ya raina, sai ya jefa masa kalmar." Na ce to wanne Chloe take nufi? Ya kalli Mama, ya kalli cokalin da ke hannuna, ya ce in ci abinci kada ya huce. 'Ya'yansa da aka haifa a can, waɗanda ko gaisuwar Hausa ba su iya ba, suna ta kai loma da hannu. Ni kaɗai ce mai cokali a teburin, kuma na tashi da ruɗanin da ya fi wanda na zauna da shi.

Yanzu a unguwar Withington nake, da ɗa ɗan shekara tara da ke cewa wayata medieval ce don ba ta ɗaukar wasanninsa, in yi dariya in wuce. A gidanmu da makarantarsa ba wanda ke ɓoye abin da yake ci. Mama ta rasu shekara uku ke nan, a Kafanchan, ba mu taɓa tayar da zancen ba, ban kuma san ko ta san daga ina abin ya faro ba. Sau da yawa na yi niyyar ba ta haƙuri, kullum ina ganin akwai sauran lokaci.