Gwaggo da 'Ya'yan Bature

Lokacin da muke zaune a unguwar Nakkasa a ƙasa mai tsarki, kafin rusau ya watsa mu, Gwaggo ce uwar gidanmu. Ƙanwar mahaifina ce, ta zo Hajji tun tana da ƙarfinta, ta ƙi komawa.

Wata rana muna kallon ƙwallo bayan la'asar, mai sharhi yana ta maimaita sunan wani ɗan wasa daga ƙasashen ƙanƙara na arewacin Turai. Gwaggo ta ajiye tsintsiya.

“Wannan ba ƙanin ministan nan na labaran jiya ba ne?”

Da gaske sunansu na ƙarshe ɗaya. Kwana kaɗan aka nuno wata likita mai sunan, sai kuma wani mai tseren mota. Shi ke nan, Gwaggo ta haɗa musu gida. Ta ce ubansu ya iya tarbiyya, sai dai mai motar ne zai sa masa hawan jini.

Na gyara zama, ni mai boko, na ce, “Gwaggo, sunan nan fa ɗan wane kawai yake nufi. Dubban mutane ke amsa shi, ba su ma san juna ba.”

Ta dube ni, ta dubi mutanen da suka kewaye tiren shinkafarta: Bakano, Basakkwace, Badamagare, kowa hannu dumu-dumu da miya.

“Waɗannan da ke ce mini Gwaggo, uban wa na haɗa da su? Yalla, matsa ka ba ɗan'uwanka wuri.”

Na matsa.