Layi Arba'in a Wayar Baba

Abin da wayar Baba ta nuna mini kaka biyu da suka wuce ba zai fita raina ba har in koma ga Allah. Duk sanda na tuna, sai in ji gajiyar makon nan ta dawo mini sabuwa fil.

Baba tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya ya koma Dayi yana noman masara da waken suya. Ni kuwa ina koyarwa a Malumfashi, duk Asabar nake leƙa gida. Ni na saya masa wayar don duba hasashen ruwan sama da farashin hatsi. To, wata rana yana nuna wa abokansa farashin masara a ƙofar gida, sai ga tallar wata mace ba suturar kirki ta faɗo kan allon. Ya shigo ransa a ɓace, ya ce ko in raba shi da wannan abin kunya ko in kwashi wayata. Shi ne na sa masa manhajar toshe talla, aka zauna lafiya.

Ana tsakiyar girbi ya ce wayar ta yi nauyi. Na karɓa na shiga tarihin burauzar, wato jerin shafukan da ya buɗe, da niyyar sharewa. Shafi ɗaya ne a kan kumburin ƙafa da ciwon ƙoda, layi bayan layi, na ƙirga har arba'in na daina. Na ɗago na dube shi, yana zaune a tabarma yana ɓare masara abinsa. Ban tambaye shi ba. Tsoro na ji, gaskiya ke nan. Da na ƙara dubawa sai na ga shafin farashin ma ya fito sau goma-goma, na ce alhamdulillahi, wayar ce ta haukace. Na ɗauki hoton jerin, na ce masa zan tafi da ita gyara.

Mako guda na yi ina fama. Na share tarihin, ya sake cika. Na kashe na kunna, na cire burauzar na sake saukewa, data ta ƙare na sake sawa. A ɗakin malamai kowa ya zama gwani: wannan ya ce bairos ne, cutar waya, wancan ya ce wayar ce jabu, wata ta ce in jefar kawai in huta. Ina koyarwa hankalina na cikin jakar da wayar take. Kaina har sarawa yake.

Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta na hau mota zuwa Funtua, wajen wani mai gyaran waya, mutum marar son surutu. Ya kashe manhajar toshe tallar ya buɗe shafin, layi ɗaya ya fito. Ya kunna ya sake buɗewa, kafin minti ya cika sun haura goma. Ya ce wasu shafukan in aka hana tallarsu fitowa sai su yi ta sake loda kansu, burauza kuma duk lodi ɗaya sabuwar ziyara take rubutawa. Ya canza mini wata manhajar, abin ya tsaya. Sannan ya ce in duba lokacin da ke gefen kowane layi a hoton nan. Na duba. Arba'in ɗin nan, ashe sau uku kacal Baba ya buɗe shafin.

Wallahi har tsire na saya a tasha don murna. Washegari na isa Dayi ina dariya, na miƙa masa wayar na ce, "Baba, wayarka ta kusa kashe ni. Cewa ta yi sau arba'in ka duba ciwon ƙoda, ashe sau uku ne."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya wayar a hannu, sannan ya ce, "Uwata, to ukun fa?"

Ya janye ƙafar wandonsa. Ƙafar ta yi suntum. Ya danna da yatsa, gurbin ya ƙi komawa. Ya ce tun tsakiyar damina take haka, jira yake a gama kai amfani gida, don ba a barin masara a gona a je a kwanta asibiti. Ya ce ranar Talata jikin ya matsa masa ya so ya kira ni, sai ya tuna wayar na hannuna, kuma ba zai ari ta maƙwabci ya faɗi irin wannan magana a gaban mutane ba.

Litinin muka je asibiti. Likita ya duba, ya ce ƙodar ce, ya tambaye mu me ya sa sai yanzu. Har yau duk wata muna kan hanyar nan, ni da shi da ledar magunguna, kuma na gaji iya gajiya, amma ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Wayar dai ta gyaru, layi ɗaya take rubutawa yanzu. Abin da na koya shi ne, in na ga abin da ya tsorata ni game da mutum, shi zan fara tambaya. Baba na zaune taku uku daga inda nake, na bar shi na tafi Funtua neman amsa.