Ƙato Bayan Ƙato a Filin Firamare

Ƙanena ya fi ni farin jini tun muna yara, kuma abin yana ci mini rai har gobe. Gara in faɗa tun yanzu. Ni ne na zauna a ƙauye ina noman citta. Ni ke haƙa kabari idan an yi rasuwa, ni ke goya mara lafiya a babur zuwa asibiti a Kafanchan. Shi kuwa yana Abuja, sai Kirsimeti ya shigo da mota yana ɗaga hannu, tsofaffin mata su yi ta guɗa kamar shi ya kawo ruwan sama.

Shekarar da za a zaɓi sabon shugaban ƙungiyar ci gaban garinmu, mu biyu muka fito takara. Tsarin da muka tarar shi ne na wakilai. Reshen Kaduna ya turo daliget biyu, haka Abuja, haka Jos, haka Legas, mu na gida ma biyu. Ka ji fa! Mu da muka cika ƙauye maƙil, ƙuri'armu daidai da ta mutanen Legas da bas ɗaya zai kwashe su. Na lissafa, na ga 'yan birni takwas ba za su bar ɗan'uwansu mai takalmi su zaɓi manomi ba.

Washegarin Kirsimeti aka yi miting a ajin firamare. Na miƙe na ce ba mu yarda ba, a yi ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so a ƙirga kawuna.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Wanda bai samu zuwa daga Legas ba fa, shi ba ɗan gari ba ne? Kuma layi yana raba gida. Mutum zai tsaya a bayan wani, maƙwabcinsa na kallonsa."

Na ce, "Tsoro kake ji, ka fito fili ka faɗa!"

Ya dube ni ya ce, "Yaya, don Allah ka bar tsarin yadda yake." Ni kuwa daɗi ya kama ni, karo na farko a rayuwata na ga yana roƙona. Na ƙara ɗaga murya, matasa suka buga benci, dattijon da ke jagorantar taron ya ce to, a fita fili.

Dokar layin ita ce ɗan takara ya fuskanci bangon makaranta, ba ya waiwaye sai an gama ƙirga. Na tsaya ina kallon bango, ina jin takun ƙafafu da hayaniya a baya. Ina ta lissafa gidajen da na haƙa wa kabari, da waɗanda na ba irin citta. Da aka ce mu juyo, sai na ga layina ya ƙare a gindin mangwaro. Nasa kuwa ya wuce ragar ƙwallo, ya lanƙwasa ya nufi hanyar coci.

Mama tana layina, ita ce ta uku. Amma idonta na kan ɗaya layin, leɓenta na motsi tana ƙirgawa, fuskarta kamar ranar da ƙanena ya gama jami'a. Da ta ga ina kallonta sai ta gyara ɗankwali. Wallahi da ta tsaya a bayansa da ya fi mini sauƙi.

Ina shirin tayar da babur zan tafi, wani tsohon malamin makaranta, daliget ɗin Kaduna, ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ɗana, me ya kai ka? Mu rassa huɗu mun gama magana tun watan jiya, bana na gida za mu ba. Da ka yi shiru da ƙuri'a takwas na aljihunka."

Na ce, "Shi ya sani?"

Ya ce, "Shi ya kawo shawarar. Ya fito ne kawai don kada a ce ba a yi takara ba."

Ya kamata in ji kunya, ko in je in gode masa. Kishi ne ya ƙara turnuƙe ni. Ashe ko da na ci, kyautarsa zan ci.

Yau shekararsa ta uku a kujerar. Duk lokacin miting sai ya bugo waya daga Abuja ya ce, "Yaya, ka taimaka ka buɗe aji." In je in share, in jera benci, in ajiye masa kujera a gaba.